Yadda Za Ka Samu Aikin Kwamfuta a Sabon Gari Ba Tare da Hanya Ta Cinye Maka Rana Ba

Tambayar da masu aikin fasahar kwamfuta suka fi yi min idan ƙaura ta taso ita ce: gida zan fara nema ko aiki? Wasu aure ne ya ja su, wasu iyali suka bi, wasu kuma garin da suke ne ya yi musu kaɗan. Amsata ba ta canzawa. Kada ka sa hannu a kan hayar shekara alhali ba ka san adireshin da za ka riƙa zuwa kowace safiya ba. Aiki da hanyar zuwa aiki shawara ɗaya ce, kuma wanda ya raba su biyu shi ne yake wayar gari da albashi mai kyau amma sa'o'i uku na ranarsa suna ƙarewa a cikin cunkoso. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

1. Fara da sanin inda irin aikinka yake zama

Kafin ka buɗe wani shafin neman aiki, zauna ka rubuta ainihin abin da kake yi, domin shi ne zai nuna ɓangaren garin da za ka riƙa dosa. Mai rubuta manhaja da mai nazarin bayanai galibi a tsakiyar gari ko unguwar kasuwanci ofisoshinsu suke, kuma su ne suka fi samun damar yin aiki daga gida. Mai kula da sabobi (saba ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci suke dogara da ita) da na'urorin cibiyar adana bayanai kuwa, sau da yawa bayan gari ake tura shi, inda fili yake da araha kuma wuta take da ƙarfi, wurin da bas ba ta cika zuwa ba. Mai taimaka wa ma'aikata idan kwamfutarsu ta ƙi aiki dole ya kasance a ofis tun kafin su iso. Mai ɗora netwok da jan waya ba shi da ofis ɗaya, yau yana nan gobe yana can. Masu sa ido kan tsaron intanet kuma aikin karɓa-karɓa suke yi, dare da rana, har da ranakun hutu.

Kada kuma ka taƙaita nemanka ga kamfanonin fasaha kawai. Bankuna, asibitoci, jami'o'i, kamfanonin sadarwa, masana'antu da ma'aikatun gwamnati duk suna da sashen kwamfuta, kuma a warwatse suke a cikin gari, don haka sun fi ba ka zaɓi wajen hanya.

Hattara: idan aikinka yana da ko-ta-kwana, wato ana iya kiranka da tsakar dare idan saba ta faɗi, to nisan gidanka ba maganar jin daɗi ba ce, sharaɗin aiki ne. Wasu wuraren suna rubuta mintunan da dole ka iso a cikinsu.

2. Tara abin da zai riƙe ka

Neman aiki a garin da ba a san ka ba yana iya ɗaukar watanni. Ka tanadi kuɗin rayuwa na wata uku a ƙalla, shida idan kana da iyali ko kuma ba ka da aiki a hannu. Cikin lissafin ka sa kuɗin kwashe kaya, masaukin wucin gadi, kuɗin ajiya da mai gida zai nema, ladan dillali, kuɗin haɗa intanet, da zirga-zirgar zuwa intabiyu. Ka tuna albashin farko ba ya zuwa sai ka yi wata guda kana aiki, wani lokacin ma ya haura haka.

Hattara: kada ka ajiye aikin da kake yi kafin takardar ɗaukar sabon aikin ta shigo hannunka a rubuce. "Mun gamsu da kai, za mu kira ka" ba takarda ba ce. Ka kuma duba kwantiraginka na yanzu ka ga kwana nawa ya ce ka ba da sanarwa kafin ka tafi.

3. Gyara takardunka su yi magana da sabon garin

Mai ɗaukar ma'aikata idan ya ga adireshinka a wani gari mai nisa, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne: wannan zai zo kuwa? Ka cire masa wannan shakkar tun a layin farko na takardar tarihin aikinka, wadda aka fi sani da CV. A ƙarƙashin sunanka ka rubuta garin da za ka koma da watan da za ka isa. Idan kai za ka ɗauki nauyin ƙaurarka, ka faɗa a wasiƙar neman aikin cikin jimla ɗaya.

A LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata, akwai wurin da kake nuna kana neman aiki, kuma yana ba ka damar zaɓar garuruwa fiye da ɗaya. Kana iya saita shi yadda masu ɗaukar ma'aikata kaɗai za su gani, idan ba ka so maigidanka na yanzu ya sani tukuna. Idan kana rubuta manhaja, ka gyara shafinka na GitHub, inda masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu: ayyuka biyu ko uku da aka kammala, da bayani mai kyau a kansu, sun fi ashirin da aka fara aka watsar.

Manyan kamfanoni suna amfani da manhajar da ke tace takardu kafin mutum ya gani. Saboda haka ka bar ado, hotuna da tebur-tebur. Ka yi amfani da kalmomin da suka zo a tallar aikin, muddin gaskiya ne ka iya abin. Shafi ɗaya ko biyu ya isa.

Takardun shaidar ƙwarewa suna da amfani sosai ga baƙo, domin su ne shaidar da ake ganewa a ko'ina. CompTIA A+ ga masu gyara da tallafi, kuma jarrabawa biyu ake yi kafin a samu. CCNA ta Cisco ga masu netwok. Security+ ta CompTIA ga masu shiga harkar tsaro. Sai na AWS da na Microsoft Azure ga masu aikin sabobin intanet. Ka duba ranar ƙarewarsu: na CompTIA da na ambata, da CCNA, da na AWS, shekara uku suke yi kafin a sabunta. Idan taka ta kusa mutuwa, ka sabunta kafin ka tashi, tun hankalinka yana kwance.

Hattara: kada ka aro adireshin wani ka nuna kamar ka riga ka tare. Ranar da aka ce ka zo intabiyu gobe da ƙarfe 9, asiri zai tonu, kuma amanar da ka rasa ba ta dawowa.

4. Nema da taswira a gefe

Ka fara nema wata biyu zuwa uku kafin ranar tashi. Ka saita sanarwa a LinkedIn da Indeed da shafukan neman aiki da ake amfani da su a ƙasar, sannan ka riƙa leƙa shafin kowane kamfani kai tsaye, domin ba kowace talla ce take fita waje ba. Ka tuntuɓi kamfanonin da ke samar wa wasu kamfanoni ma'aikata. Su suka san wane ne yake ɗauka a wannan watan, kuma kamfanin da ya ɗauke ka ne yake biyansu, ba kai ba. Glassdoor zai ba ka hasken albashi da abin da tsofaffin ma'aikata suke faɗa. Ka kuma sanar da tsofaffin abokan aikinka da na makaranta cewa za ka koma gari kaza. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mutum ɗaya da zai miƙa takardarka daga ciki ya fi takardu hamsin da ka jefa ta intanet.

Ga abin da mafi yawan mutane ba sa yi. Duk aikin da ka nema, ka buɗe Google My Maps, inda kake iya haɗa taswirarka, ka dasa alama a kan ofishin. Bayan makonni biyu ko uku za ka ga alamun sun taru a wurare biyu ko uku. Waɗannan wuraren su ne kasuwar aikinka a garin, kuma ba don aikin farko kaɗai ba. Masu aikin kwamfuta suna yawan sauya wuri, don haka unguwar da take da hanya mai sauƙi zuwa tarin ofisoshi ta fi wadda take manne da ofis guda.

Hattara: duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista, kuɗin horo ko kuɗin sayen laftof kafin ka fara aiki, damfara ce. Haka wanda ya yi maka intabiyu ta rubutu kawai a Telegram ko WhatsApp ya ce ka samu aiki, sannan ya nemi bayanan bankinka. Ka duba adireshin imel ɗin da aka turo saƙon, ka tabbata na kamfanin ne.

Idan ƙaurar ta tsallaka iyakar ƙasa, izinin aiki shi ne gaba da komai. Ka tambaya tun a hirar farko ko kamfanin yana ɗaukar nauyin biza, kada ku ɓata wa juna wata guda.

5. Tambayoyin da za ka yi a intabiyu

Za a tambaye ka dalilin ƙaurarka. Ka ba da amsa gajera, tabbatacciya, da ranar da za ka iya fara aiki. Idan suka ce ko kana da tambaya, nan ne wurinka:

A wane ofis zan zauna? Adireshin da ke kan talla sau da yawa na hedikwata ne, amma sashen kwamfuta yana wani gini daban. Idan kamfanin kwangila ne, to a ofishin abokin cinikinsu za ka yi aiki, kuma yana iya canzawa bayan wata shida.

Kwana nawa a ofis, kwana nawa a gida, kuma a rubuce yake a kwantiragi ko al'ada ce kawai? Tun bayan annobar korona ta 2020 kamfanoni da yawa suka saki ma'aikata su yi aiki daga gida, daga baya wasu suka dawo da su ofis. Abin da manaja ya faɗa da baki, sabon manaja yana iya soke shi.

Ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake tashi, kuma akwai sassauci? Akwai ko-ta-kwana ko aikin dare? Akwai wurin ajiye mota, kyauta ne ko biya ake yi? Akwai motar ma'aikata ko alawus na sufuri? Akwai shirin sauya ofis nan kusa?

Kada ka ji kunyar waɗannan tambayoyin. Manajan kirki yana gane cewa mai tambayar hanya mutum ne da ya yi niyyar zama.

Hattara: idan suka ba ka kuɗin ƙaura, ka karanta sharaɗinsa. Galibi ana rubuta cewa za ka mayar da kuɗin, duka ko wani ɓangare, idan ka bar aikin kafin shekara ɗaya ko biyu.

6. Sauka a masaukin wucin gadi

Wata ɗaya zuwa uku a ɗakin da ake biya wata-wata, ko wurin ɗan'uwa idan da hali. Ya fi tsada a kowane wata, gaskiya ne, amma bai kai asarar wanda ya biya hayar shekara a gefen garin da bai dace ba. Kayanka masu nauyi ka bar su a inda suke ko a ma'ajiya. Idan kana da yara 'yan makaranta, ya fi sauƙi ka riga su zuwa, su biyo ka a ƙarshen zango.

7. Gwada hanyar da kanka

Wannan matakin shi ne zuciyar maganar, kuma shi ake yawan tsallakewa. Da farko ka yanke wa kanka iyaka: minti nawa za ka iya jurewa zuwa, kowace rana, shekara da shekaru? Masanin kimiyya ɗan Italiya Cesare Marchetti ya rubuta a 1994 cewa mutane, a zamani daban-daban, kimanin sa'a ɗaya suke warewa a rana don zirga-zirga, wato rabin sa'a zuwa, rabin sa'a dawowa. A ganina minti 30 yana da daɗi, 45 ana iya zama da shi, abin da ya haura sa'a ɗaya kuwa sai idan kwana biyu kawai kake zuwa ofis a mako.

Ka zaɓi unguwanni uku ko huɗu. A Google Maps kada ka amince da lokacin da ya nuna maka da daddare kana kwance. Akwai wurin da kake saita lokacin tashi ko lokacin isa. Ka sa ranar Talata ko Laraba, isa ƙarfe 8 na safe, sannan ka juya ka sa tashi daga ofis ƙarfe 5 na yamma. Idan ya nuna maka "minti 35 zuwa sa'a 1 da minti 10", babban adadin shi ne naka, domin da shi za ka riƙa saita agogo. Ga masu bas da jirgin ƙasa, Moovit da Citymapper suna taimakawa a garuruwan da suke aiki, Waze kuma ga masu tuƙi.

Daga nan sai ka ajiye waya ka fita. Ka je ƙofar gidan da kake so da sassafe, a ranar aiki, ka danna agogo. Ka ƙirga komai: tafiyar ƙafa zuwa tasha, tsayuwar jira, bas ta farko da ta wuce a cike ba ta tsaya ba, sauka da canza wata, tsallaka titi, layin shiga ginin, har ka zauna a kujera. Mai mota ya ƙirga zagayen neman wurin ajiyewa da tafiyar da zai yi daga can. Da yamma ka maimaita, domin dawowa sau da yawa ta fi zuwa wuya. Ka yi haka sau biyu a ƙalla, a ranaku daban-daban.

Abubuwa uku nake so ka lura da su. Na ɗaya, canji: tafiyar minti 45 a jirgi ɗaya kana zaune kana karatu ta fi ta minti 35 mai canji biyu, domin kowane canji wuri ne da za a iya makara. Na biyu, maƙura: idan gada ɗaya ko mahaɗa ɗaya ce tsakaninka da ofis, ranar da mota ta mutu a kanta babu yadda za ka yi. Ka nemi unguwar da take da hanya ta biyu. Na uku, alkibla: wanda yake fita daga tsakiyar gari da safe alhali jama'a suna shiga, titi nasa ne, ko da kilomitocinsa sun fi yawa.

Ka tsaya ka tambayi mai gadi, direban bas ko mai shago a bakin titi yadda hanyar take idan an yi ruwan sama, da kuma idan makarantu sun koma. Abin da za su faɗa maka cikin minti biyu babu shi a taswira.

Hattara: gwajin da aka yi ranar hutu ko lokacin hutun makarantu ba gwaji ba ne. Mai aikin dare kuma ya duba lokacin bas ko jirgin ƙarshe da na farko, ya kuma taka hanyar daga tasha zuwa gida bayan duhu, da jakar laftof a bayansa, ya ji yadda zuciyarsa ta ɗauki wurin.

8. Auna albashi bayan ka cire hanya

Idan tayi biyu suka zo, kada ka tsaya a kan adadin da ke takarda. A ce aiki na farko yana biyan 100 a mako, hanyarsa minti 20. Na biyu yana biyan 112, hanyarsa minti 50. A mako mai kwana biyar, zuwa da dawowa, na farko zai ci maka sa'a 3 da minti 20 a hanya, na biyu sa'a 8 da minti 20, wato hanyar na biyun kaɗai ta kai ranar aiki guda cur da ba a biyanka. Idan ka haɗa da sa'o'i 40 na aiki ka raba, za ka ga abin da kake samu a kowace sa'a kusan ɗaya ne, 2.31 da 2.32, tun ba ka cire kuɗin mai ko tikiti ba. Da ka cire, na farko ya wuce gaba.

Kuɗin mota ba mai kaɗai ba ne. Akwai gyara, taya, inshora, kuɗin ajiyewa, harajin titi, da faɗuwar darajar motar. Ga mai bas ko jirgi, ka tambayi tikitin wata, yawanci ya fi sauƙi a kan biyan kullum. Sannan ka haɗa haya da sufuri a lissafi ɗaya. Gida mai araha a nesa sau da yawa yana mayar da rarar a hanya. Ƙa'idar da aka saba faɗa ita ce haya kada ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da kake samu.

Akwai lokacin da doguwar hanya ta cancanta: idan aikin zai koya maka abin da zai ɗaga darajarka, ko shi ne aikinka na farko a fagen. Sai dai ka shiga da saninka, ka kuma sa wa kanka wa'adin matsowa kusa.

9. Kafin ka sa hannu a haya

Yanzu ne lokacin gida. Ka gan shi da idonka kafin ka biya ko sisi, ka kuma tabbatar wanda yake karɓar kuɗin yana da ikon ba da hayar. Yawancin ayyuka suna da lokacin gwaji na wata uku zuwa shida, don haka ka nemi hayar wata shida, ko ka sa a rubuta sharaɗin fita da sanarwar wata ɗaya ko biyu.

Ga mai aikin kwamfuta, intanet ɗin gida kayan aiki ne. Ka tambayi kamfanonin da ke kawo layi ko sun iso wannan ginin, ba unguwar kawai ba. Ka tsaya a cikin ɗakin da za ka riƙa aiki ka gwada ƙarfin layin wayarka da Speedtest, ka duba saurin turawa, ba na saukewa kaɗai ba, domin taron bidiyo da VPN, wato amintaccen layin shiga netwok ɗin ofis daga gida, sun dogara da shi. Ka tambayi maƙwabta yadda wuta take, ka tanadi batirin da zai riƙe na'urar intanet idan an ɗauke.

Idan ku biyu ne masu aiki, ko akwai kai yara makaranta, ka gwada hanyar da tsayuwar makarantar a ciki. Minti 25 yana iya komawa 55.

Hattara: aikin da aka ce daga gida ake yi gaba ɗaya, ka tambaya ko an yarda ka yi shi daga garin ko ƙasar da za ka koma. Haraji da dokar ƙwadago suna sa kamfanoni su iyakance wuraren, wasu kuma suna daidaita albashi da garin da kake zaune.

10. Watan farko

Makon farko ka riƙa fita da rarar minti 20, ka rubuta lokacin tashi da na isa kowace rana. Ka gwada fita da wuri da rabin sa'a ka ga bambanci. A garuruwa da yawa wanda ya fita 6:45 da wanda ya fita 7:15 kamar ba titi ɗaya suka bi ba. Ka koyi hanya ta biyu tun ba ka buƙace ta ba. Ka tambayi abokan aiki wa yake zaune a ɓangarenku, ko za ku riƙa haɗa mota.

Idan wata ya cika ka ga hanyar ta fi ƙarfinka, ka je wurin manaja da alƙaluman da ka rubuta da kuma shawara a hannu: shiga ƙarfe 7 da tashi ƙarfe 3, ko ƙarin kwana ɗaya a gida. Sashen kwamfuta yakan buƙaci wanda zai buɗe da sassafe ya duba ko ajiyar bayanan dare ta kammala kafin sauran ma'aikata su iso, don haka ka gabatar da buƙatar a matsayin aikin da za ka ɗauke musu, ka kuma nemi a gwada na wata ɗaya a gani.